Awon Ƙafa a Rumfar Malam Maharazu

Ikram tana 'yar shekara bakwai ta fara jin sunan. Tana zaune gefen kakarta 'Yardada a tsakar gidansu na Koki, tana taya ta tsintar shinkafa, sai mahaifinta ya shigo yana faɗin ya samu mutumin da zai bar wa makullin shagon atamfa idan ya tafi Makka. Ya yabe shi, ya yabi iyayensa. 'Yardada ko ɗagowa daga faifai ba ta yi ba.

"Ka kai shi wajen Maharazu ya auna masa takalmi tukuna."

"Inna, ai yana da takalmi."

"Na ce ka kai shi."

Ikram ta daɗe tana zaton wani malami ne mai duba. Sai daga baya ta gane ashe tsohon nan ne da yaran gidan suke kira Baba na Kurmi, ƙanen 'Yardada uwa ɗaya uba ɗaya, mai kawo musu alewa ranar Juma'a yana warin jima.

Malam Maharazu baduku ne ɗan baduku. A Koki aka haife shi, a nan ya yi karatun allo, bai taɓa zama a ajin boko ba. Tun bai kai goma ba yake riƙe wa mahaifinsa fata a rumfarsu ta Kasuwar Kurmi, kuma a nan ya gaji abin da ya fi basilla da wuƙa. Idan mutum ya zo awo, sai ya ce ya cire tsohon takalminsa. Ya kifa shi, ya shafa inda ƙasa ta ci. Sannan ya ɗora mutumin a kan kwali, ya tsugunna da guntun gawayi, yana zagaye ƙafar yana jansa da hira. Yakan ce fuska tana koyon ƙarya tun tana ƙarama, amma ƙafa ba wanda ya koya mata. Mai cinye dunduniya, girman kai. Mai cinye gaba, gaggawa. Wanda kuwa ya tsaya ƙafa ɗaya tana kallon hanya, to rabin zuciyarsa ya riga ya fita, ba a ba shi amana.

Tsofaffin gidajen fatauci na unguwar, har da na Larabawan da kakanninsu suka zo ta Sahara suka zauna, duk sun san wannan. In za a ɗauki mai tsaron shago, ko abokin tafiya, sai a ce masa, "Zo mu yi maka kyautar takalmi." In mutumin kirki ne, kwana uku jan takalmi ya iso. In akwai matsala, Maharazu ba ya zagin kowa, sai ya aiko cewa fata ta yanke, ana jiran majema. Fatar kuwa ba za ta taɓa zuwa ba.

Bai tara dukiya ba. Rumfa ɗaya, keke ɗaya, rediyo ɗaure da roba. Matarsa Nana Aisha ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna gidajensu. Abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan ido, da yadda manyan alhazai suke rage murya in ya yi magana.

Shekarar da Ikram ta gama sakandare, ita ke kai masa abincin rana. Rannan ta tarar da yayanta Abdulhakeem, ɗalibin jami'a, ya miƙa wa tsohon waya.

"Tsoho, irin takalmin wannan nake so."

"Wannan ƙafar mutum ce ko ta fara?"

"Zane ne. Anime ake ce masa, na Japan."

"To sa shi ya yi tafiya in gani. Ba na yanka fata a kan ƙafar da ke tsaye cik."

Abdulhakeem ya kunna. Tsohon ya gyara tabarau, ya kawo wayar dab da hancinsa. Abinci ya huce bai taɓa ba. Can sai ya ce, a hankali, "Wanda ya zana wannan ya taɓa zama kusa da ƙasa." Ya ƙara kallo. "Kuma yaron nan ƙarya yake yi wa matar."

"Yaushe ka fara jin Japananci?"

"Dubi babban yatsansa yadda ya lanƙwashe."

Abdulhakeem ya kalli Ikram, Ikram ta kalle shi. Kashi na biyu suke kallo, ƙaryar kuwa sai a kashi na tara ake tona ta.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a gidan 'Yardada, a jingina waya da turmi, jikoki su kewaye, Ikram tana karanta rubutun Turancin tana mayarwa da Hausa. Duk wata uku, wato kowane zango, Japanawa suna sako sababbi kamar ana sauke kaya a kasuwa, samari da 'yan matan unguwa kuma suna da gurufinsu na waya inda ake raba gari a kan wanda ya fi. Wannan ta ce mai farin gashi ne gwaninta, wancan ya ce ai ragon banza ne kyau kawai gare shi, wata ta yi fushi ta fita, a roƙe ta ta dawo. Ikram ta fara ɗaukar muryar tsohon tana turawa, sai ya zamana ba a rufe musu sai an ji ta bakin Baba na Kurmi.

Ba ya son jarumi mai ihu kafin ya kai sara. "Wanda zai sare ka ba ya yi maka shela." Waɗanda mota ke buge mutum ya farka a wata duniya kuwa, tsaki yake yi. "Ya kasa sauke nauyin duniya ɗaya, a ƙara masa wata?" Ya fi son na masu sana'a, masu girki da maƙera da manoma, inda ake nuna hannu yana aiki. Idanun 'yan matan ne dai har yau bai saba da su ba, ya ce kamar faranti. A zango uku ya faɗi wanda zai ci amana, da wadda za ta yafe, da wanda zai gudu ranar yaƙi, bai kuskure ko ɗaya ba.

Sai aka sako wanda suke kira na fitila. Matafiya biyar ne suke ɗauke da wata fitila a kan duwatsun ƙanƙara zuwa garinsu, in ta mutu garin ya mutu. Cikinsu akwai mai kai wa abokan gaba labari, ba a san ko wane ne ba. Guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce mai girkin ne, dariyarsa ta yi yawa. Wasu suka ce yarinyar cikinsu ce. Akwai wani dogo, ba ya magana, 'yan unguwa suka sa masa suna Dogo, Abdulhakeem kuma ya ɗauke shi kamar ɗan ɗakinsu.

A kashi na uku Maharazu ya nuna da yatsa. "Ga shi nan."

"Dogo? Haba Tsoho, yau kam tabarau ya yi hazo."

"Duk ɗakin da suka sauka, ina yake tsayawa? Bakin ƙofa. Ina ƙafarsa ta hagu take kallo?"

"Kawai don ba ya surutu irin naka."

"Kai da aka raɗa wa suna a gabana za ka koya mini ƙafa?" Ya juya wajen Ikram. "Uwargida, ɗauki wannan da kyau. In ba shi ba ne, to shekara hamsin ina cutar bayin Allah, kuma ba zan ƙara yanke wa kowa hukunci da gawayi ba."

Ikram ta tura kafin ta yi tunani. Muryar ta fita daga guruf ta shiga kasuwa. Dattawan da ba su san mene ne anime ba suka riƙa tsayawa a rumfa suna tambaya, "Malam, an kama dogon naka?" Ikram ta fara jin tsoron Asabar. Ta roƙi Allah a ranta, ita da ta san zane ne, Ya sa Dogo ya zama maci amana.

Kashi na sha biyu ya zo. Maci amanar shugaban tafiyar ne. Aka koma baya aka nuna Dogo a kowane masauki, ƙafarsa ta hagu tokare da ƙofa, bayansa yana tare iskar da ke shigowa ta tsaga, don kada ta hura fitilar. Sanyi ya cinye ƙafar, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abdulhakeem ya yi wata biyu yana tanadin gori, amma da ya kalli tsohon sai ya haɗiye shi.

"Mayar mini da na uku," in ji tsohon.

Aka mayar. Ya kalla sau biyu.

"Tokare ta yake yi. Ga dunduniyar a ƙasa, ga nauyin a baya. Sun zana, ba su ɓoye ba. Ni ne ban gani ba."

Ya tashi ya tafi, bai ɗauki hularsa ba.

Washegari da hantsi Ikram ta kai masa hular. Ta same shi a ɗakinsa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cike yake da kwalaye, kowanne da zanen ƙafa biyu da suna cikin ajami. Na waɗanda aka ce wa fata ta yanke ne, guda arba'in da ɗaya, bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Ya zaro wani da ya yi ja don tsufa. Ƙafar hagu tana kallon waje, kamar an kwafo ta Dogo daga waya.

"Jibrin sunansa. Yau shekara ashirin da shida ke nan. Babban shago aka so a damƙa masa, na hana. An ce yana faci a Ƙofar Nassarawa. Kira yayanki, ku raka ni."

Suka same shi a gefen titi, mutum mai furfura, yana tsoma tayar babur a ruwa yana neman huji. Ya gane tsohon nan take. Ya goge hannu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi benci. Maharazu ya ƙi zama. Ya miƙa masa kwalin.

"Ka tuna wannan?"

"Na tuna, Malam. Har yau ina jiran majema."

"Me ya sa ƙafarka take kallon hanya ranar?"

Jibrin ya yi ɗan murmushi. "Kun tsayar da ni har aka kira azahar. Babana ƙafafunsa sun mutu, ni nake goya shi zuwa masallaci. Shekara tara muna haka. Ranar yana zaure yana jirana da alwalarsa."

"Shi ya sa gefen takalminka ya cinye."

"Mutum ne mai jiki, Allah Ya jiƙansa."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Ba ku tambaye ni ba, Malam. Kuma ba abin faɗa ba ne."

Ikram ta ga abin da ba ta taɓa zaton za ta gani ba. Mutumin da alhazai ke rage wa murya ya tattara farar rigarsa ya durƙusa a kan baƙin mai da ƙura, a gaban masu babur da ke jiran faci. Jibrin ya yi baya da sauri yana faɗin, "Subhanallahi, Malam, tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka yafe mini. Na yi maka ƙazafi ba tare da na buɗe baki ba."

Jibrin ya daɗe yana kallon tayar da ke cikin ruwa.

"Na yafe. Amma na ji ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Shekara uku ban bi ta Kurmi ba. Ba wanda ya ce mini ɓarawo, amma ba wanda ya ƙara ba ni ajiya."

Tsohon ya gyaɗa kai, bai kare kansa ba. Ya kifa kwalin ta ɗaya gefen, ya ciro gawayi daga aljihu. "Hau."

"Ƙafar ta buɗe yanzu fa, sai an ƙara fata."

"Akwai fata. Dama akwai."

Kwana uku jan takalmi ya isa Ƙofar Nassarawa, Maharazu da kansa ya kai a kan keke.

Ya cika alkawarinsa. Yana nan a rumfarsa yana awo, amma yanzu duk wanda ya hau kwali jan takalmi yake samu. Alhazai sun yi ta lallashi, ya ce su je su tambayi maƙwabtan mutum. Sauran arba'in ɗin kuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, Ikram tana riƙe masa sunaye. Sun samu sha ɗaya. Huɗu sun rasu, ya je ya gaida iyalansu. Ɗaya ya rufe masa ƙofa. Wani kuma an tabbatar masa ɓarawon ne kamar yadda ya gani, amma hakan bai faranta masa ba, ya ce wa ya sani ko rashin takalmin ne ya fara tura shi.

Da sabon zango ya shigo, Ikram ta yi zaton ba zai zo ba. Sai ga shi bayan la'asar, ya zauna a wurinsa, ya goge tabarau. Kafin Abdulhakeem ya kunna, ya ɗaga hannu.

"Uwargida, zan roƙe ki abu ɗaya. Bakin nan ya saba, ba zai daina a rana ɗaya ba. In kin ji na fara yanke wa wani hukunci kafin a kai kashi na ƙarshe, ko a waya ne ko a kasuwa, kada ki ji nauyina. Ki tsayar da ni ki ce, Baba, ka tambaya wa ke jiransa a gida?"