Wayar da Aka Ɗaure wa Usur ɗin Baba Genzo

Kwamitin unguwarmu ya ɗaure usur ɗin amalanken Baba Genzo da waya, wai kukansa yana hana masu sabbin gidaje barcin rana.

Duk wanda ya tashi a lungunan unguwarmu Fukagawa ya san kukan nan. Tun ina 'yar makaranta Baba Genzo yake tura amalankensa da 'yar tukunyar tururi a kai, yana gyaran lofe. Ya cire tsohon karan gora, ya wanke dattin taba daga ƙarafan kai da bakin lofen da tururi, ya zaɓo sabon kara. In karan ya yi kauri ya ƙi shiga, ba ya tilasta masa. Sai ya kara bakinsa a tururi har ya yi laushi, ya matse shi tsakanin katako biyu, ya ɗan kankare, ya gwada, ya sake. Da wannan sana'a ya yi jinyar matarsa har ta rasu, da ita ya aurar da 'yarsa can garin Sendai. Yanzu kowa sigari yake zuƙa, 'yan tsofaffi ne suka rage masa.

Ba wanda ya tambaye shi amfanin usur ɗin. Ta nan tururi ke fita in tukunya ta ɗauki zafi. Idonsa ya raunana, da kunne yake sanin lokacin rage gawayi.

Jiya na same shi a gindin gada. Ba kukan usur, sai tukunyar tana wani gurnani ƙasa-ƙasa, ruwa yana tsattsafowa ta gefen murfi.

Na ce, "Baba, kwance wayar nan!"

Ya ce, "Ke Sumie, har yanzu bakinki ya fi usur ɗina ƙara. Ke ya kamata su ɗaure."

"Wasa ma kake yi? Tukunyar nan fashewa za ta yi."

"Shugaban kwamiti Takigawa da ƙafarsa ya zo, ya kawo mini alewar wake a kwali. Na rusuna na karɓa, na ce to. So kike a ce tsoho ya karɓi alewar mutane ya warware magana?"

"Mayar musu da abinsu mana!"

"Ai na cinye, 'yar nan."

Ya yi dariya, sannan ya sunkuya ya kai kunnensa dab da jikin tukunyar yana saurare. Haka yake yi yanzu, in ji wani mai sayar da kifi a wurin, wuni guda fuskarsa na jikin ƙarfen. Na kai hannu zan warware wayar, ya riƙe mini wuyan hannu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

Shi ba zai kwance ba, ba kuma zai bar wani ya kwance ba. Saboda haka Takigawa, kai da 'yan kwamitinka, ku ɗauko filaya ku zo gidansa gobe tun bai hura gawayi ba. Ku cire wayar da hannunku, ku rusuna masa yadda ya rusuna muku, ku ce kun janye maganarku.