Haƙoran Robar Iya

Hannuna na cikin kwanon shanta Iya, kakarmu, ta kama ni. Ga haƙoran robar nan kwance cikin ruwa, da 'yar wayar da ke maƙale su jikin na Allah. Ta ce in aje, ɗan banza mai gudun makaranta, ta ɗaga muciya.

Dama na daɗe ina zarginta. Kawu, ɗanta na fari, shi ya kai ta Kano aka yi mata su, shekarar da albashi ya ƙaru kowa ke sayen babur. In ya zo ƙauyenmu Mawashi daga Kano ya tambayi haƙora, sai ta kau da kai ta ce ma bango alhamdu lillahi. Ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta faɗi, balle ta kai mashi kuka. Amma in an yi isha'i mun kewaye murhu, muryar mai giɓi ce ke ba mu tatsuniya, goronta kuma sai an kankare.

Ba ta doke ni ba. Ta tura kara cikin wuta ta ce mu matso, ga wata ta zo. Wai tunkiya ce ɗanta ya dawo daga birni da ƙaho, ya ɗaura mata da igiya. Igiya na cin fata, in ya tambaya ta ce madalla. Da ya ga uwa ta ji daɗi, sai ya ce gobe zai yanke kunnuwan ya ƙara mata wasu ƙahonin.

Ƙanwata ta tambayi yadda aka ƙare.

"Goben ba ta yi ba tukuna," in ji Iya. "Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Iya ba ta taɓa barin tatsuniya a rataye ba. Kuma ni take ta kallo, ni da ke yini tashar Kankiya, na san kowane direban Kano. Sai na tuna Kawu ya ce bayan salla zai maida ta a cire sauran masu girgiɗi a cika bakin da roba, tunda waɗannan sun karɓe ta.

Har yau in tsoho ya ce mani alhamdu lillahi yana kallon bango, ban yarda nan take.

Da safe na tare wani direba na ba shi saƙo:

"Ka ce ma Kawu, in ji ni, ba in ji Iya ba. Wayar nan na yanka mata dasashi, ba ta sa su sai ya zo. Kada a taɓa mata sauran. In faɗa zai yi, ya yi da ni, na saba."