Fenaritin da Ruwa Ya Tsayar a Kakuri

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon unguwa a filin bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri ya san Baba Bitrus, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai ɗan ɗingishi da ke zagaya fili da bokitin toka yana zana layi kafin 'yan wasa su iso. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Wata rana ce ya tarar layuka sun shafe ya gyara, shi ke nan abin ya zame masa jiki.

Daga Filato ya zo Kaduna yana saurayi, ya samu aiki a sashen rini na masaƙa, kuma a zamanin ƙarfinsa shi ne golan ƙungiyar ma'aikata. Matarsa Saratu ta rasu, yara suka kama gabansu, sai auta Hannatu ta rage tare da shi, tana ɗinki a ƙofar gida.

Da damina ne darajarsa ke ƙaruwa. Filin yana gangare ta wajen kogi, ruwa kaɗan sai ya zama fadama. In hadari ya sauka da rana, masu shirya gasa sukan tsaya gefe, Baba Bitrus ya shiga tsakiya ya cilla ƙwallo sama. In ta yi tsalle, a buga. In ta faɗi ta zauna cikin taɓo, ya girgiza kai, an ɗaga ke nan. Da yamma a teburin mai shayi shi ake tambaya, duk da kowa yana da labarin a wayarsa. Zai ce Nasarawa ta lallasa Unguwar Sanusi uku da nema, na Makera da Barnawa an tashi kunnen doki, na 'yan Kakuri kuwa ruwa ya ci shi. Yana faɗin an ɗaga sai muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai sanar da rashin lafiyar wani.

Abu ɗaya ne ba ya yi. Ba ya shiga tsakanin turakun ragar da ke ɓangaren kogi. Zai zana layi har ya iso turke, ya ajiye bokiti, ya roƙi wani cikin 'yan wasa ya ƙarasa. Matasa suna tsokanarsa, wai tsohon gola yana tsoron raga. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce gwiwa ce.

Ba gwiwa ba ce. A gasar unguwanni ta wancan lokacin akwai ƙa'idoji biyu da kowa ya yarda da su. In ruwa ya tsayar da wasa, ba a sakewa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, da mutanen da ke fili da alƙalin da ya hura. In kuma an tashi, waɗanda suka ci su ke jan waɗanda aka ci zuwa unguwarsu a ci abinci tare, kuma ba a ƙin zuwa. Da haka ake kashe faɗa.

Shekarar ƙarshe kafin a rufe masaƙa, ma'aikata suka kai wasan ƙarshe na kofi, suka haɗu da makanikan Makera. Ana ɗaya da ɗaya, wasa ya kusa tashi, alƙali Sylvanus, wani malamin firamare ɗan Binuwai, ya ba Makera fenariti. Mai bugawa shi ne Zakariyya'u, makaniken babur, gajere mai yawan raha, abokin Bitrus ne ma, shi ke gyara masa babur. Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, sai sama ta buɗe. Ruwa da iska har mutum ba ya ganin na kusa da shi. Sylvanus ya hura usur gajeru a jere, alamar an tsaya, ya ce Asabar mai zuwa daga fenariti za a fara.

Kowa yana gudun neman mafaka, Zakariyya'u ya waiwayo yana dariya.

"Gola, kar ka gudu fa. Ka jira ni."

"Ina nan, ɗan Makera. Ko yaushe ka zo za ka same ni."

Zakariyya'u bai kai gida ba. Ruwa ya shafe wata kwalbati a hanya, ya tafi da shi da babur ɗinsa, sai washegari aka same shi. Bitrus ya je har maƙabarta ya tsaya daga baya. 'Yan Makera suka ce babu wanda zai buga a madadinsa, ma'aikata suka ce su ma ba za su karɓi kofi a haka ba. Ana cewa za a zauna, aka rufe masaƙa, ƙungiya ta watse, wasa ya zauna a rataye.

Damina ta gaba ne Bitrus ya fara ganin sawun. An ɗaga wani wasa, jama'a sun watse, ruwa ya lafa, taɓo ya kwanta sumul ba wanda ya taka. A gaban ragar kogi sai ga sawun takalmin ƙwallo, ƙaramar ƙafa, ya taho da gudu ya tsaya cak dab da wurin bugun fenariti. Babu inda ya fito, babu inda ya koma. Ya goge da ƙafarsa bai gaya wa kowa ba. Da aka sake ɗaga wasa, ya sake gani.

Mutum ɗaya ya nuna wa, Sylvanus. Malamin ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce Zakariyya'u yaro ne mai bin doka, ba zai buga ba sai an hura masa. Daga ranar Sylvanus ya bar alƙalanci, ya kyautar da usur ɗinsa. In sun haɗu a coci sai ya riƙe hannun Bitrus ya ce, cikin wasa, yana ta shan maganinsa na hawan jini ne saboda Bitrus, don kar ya yi saurin mutuwa.

Daga baya ya gaya wa matarsa, Hannatu kuma ta ji labarin ne daga bakin uwar tata kafin ta rasu. Ta roƙi uban ya bar filin, ta kawo fasto ya yi addu'a. Baba Bitrus ya ce amin, washegari ya ɗauki bokitinsa. Ya ce da bakinsa ya ce wa Zakariyya'u yana nan, in ya daina zuwa fili, a gida za a zo nemansa.

A watan Yulin bara Sylvanus ya rasu. Da aka dawo daga jana'iza Baba Bitrus bai ci abinci ba. Hannatu ta ce ai tsufa ne, Oga Sylvanus ya daɗe yana jinya. Ya ce ya sani. Can ya ƙara da cewa, yanzu dai sun samu alƙali.

Makonni suka wuce ruwa yana zuwa da safe ko bayan an tashi wasa, ba a ɗaga ko ɗaya ba. Sai wata Asabar cikin Agusta, za a yi na kusa da na ƙarshe tsakanin Nasarawa da Kakuri, fili ya cika, masu rake da fiya wata suna ciniki. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Kafin la'asar ruwa ya sauka. Baba Bitrus ya cilla ƙwallo, ta faɗi ta zauna. Ya daɗe yana kallonta, har wani koci ya ce Baba a taimaka a ce ta yi tsalle. Ya so ya ce hakan. Ya girgiza kai.

Jama'a suka cika keke Napep suka watse. Wani ya yi masa tayin wuri, ya ce zai tattara kaya. Fili ya zama daga shi sai ruwa da bangon masaƙa mai fasassun tagogi. Sai ya ji usur, doguwa guda, irin wadda Sylvanus ke kiran 'yan wasa da ita. Ya san hurawar, tana ɗan rawa a ƙarshe.

Ya tuna Hannatu, ya tuna ƙofar gidansa da ba ta da ƙwari. Ya cire silifa, ya naɗe ƙafar wando, ya taka zuwa ragar kogi ya shiga tsakanin turaku. Ya san in ƙwallo ta shiga, Makera ta ci, kuma wanda aka ci shi ke bin mai ci zuwa unguwarsa.

Bai ga kowa ba. Ruwan da ya kwanta a gabansa ne ya ga yana fantsama, taku bayan taku, yana matsowa. Usur ta sake kaɗawa. Jikinsa ya tuna abin da ya sani, Zakariyya'u kullum hagun gola yake nema. Ya faɗa hagu. Wani abu mai nauyi ya doke shi a ƙirji har numfashinsa ya ɗauke, ya rungume da hannu biyu ya kwanta a kai. Da ya buɗe hannuwan, taɓo ne kawai.

Ya kwanta yana jiran usur ɗin tashi daga wasa. Ruwa ya ƙaru, aka yi tsawa ta wajen kogi, sai ya ji gajerun hurawa a jere.

Hannatu ta tare shi a bakin layi da lema, ta fito nemansa. Ta dubi gaban rigarsa, ga tambarin taɓo zagayayye har da alamar ɗinkin ƙwallo. Ta kai shi gida ta zaunar da shi ta lulluɓe shi da zane, ta miƙa masa shayi.

"Baba, an gama?"

"Na kama."

"To mun gode wa Ubangiji. Shi ke nan kuma."

"Har yanzu ɗaya da ɗaya ne, Hannatu. Wasan kofi ba ya tashi kunnen doki. An sake ɗagawa."

Ta zauna a bakin keken ɗinkinta, tana lissafin abin a ranta. Can ta tambaye shi a hankali, in kuma su ma'aikata ne suka ci fa.

Baba Bitrus ya dubi ƙofa.

"Sai su biyo ni gida. A tanadi abinci."