Damon da Ya Karkatar da Magudana

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsayar da katafila saboda damo ba. Farkon zafin 2019 ne, ina mai duba lafiyar aiki a kamfanin da ke gyaran layin dogo wajen Dubai Investments Park. Kwana uku aka ba mu mu haƙa magudanar ruwa a gefen layi.

A ƙa'idarmu, kowa na iya ɗaga hannu a tsaya in ya ga haɗari ko dabbar da doka ta hana taɓawa, irin su damo. Amma in aka duba ba komai, sai a rubuta maka laifi a fayil ɗinka. Ni kuwa saura wata guda a sabunta kwantiragina.

Katafila ta kusa wata bishiyar gaf, mai kama da ƙiryar garinmu, sai na hango rami a gindinta. Na ɗaga hannu.

Shugabanmu, Injiniya Mahmud, Bamisire ne mai saurin hawa. Ya ce, "Habibi, tsohon rami ne. Yalla, a ci gaba!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai gidan yana ciki. Ba ni zuwa azahar."

"In babu fa?"

"Ka rubuta ni."

Abin da bai sani ba, ɗan mafarauci ne ni daga ƙauyen Daura. Damon da muka ci ni da babana, Allah kaɗai ya san adadinsu. Na lailaye yashin bakin ramin da tafin hannu kamar yadda tsoho ya koya mini, aka kashe inji, muka ja baya. Damo ba ya leƙowa sai ƙasa ta ɗau zafi. Muka jira har azahar.

Da muka idar da salla muka dawo, ga sawun ƙafafu raɗau, ga jan wutsiya a tsakiya. Injiniya ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan." Ya kira jami'ar muhalli, aka killace wurin, aka karkatar da magudanar. Damo ya tsira, bishiya ta tsira, ni ma haka.

Da na ba babana labari a waya, sai ya ce, "Ƙosasshe ne? Ka gan shi kuma ka bar shi?"

Na ce, "Baba, da iliminka na bar shi."

Ranar na gane ba duk abin da aikin dogo ke bukata ake koyarwa a aji ba. Yanzu duk sabon ma'aikaci sai an nuna masa lailaye bakin rami. Tsoho bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba, amma dabararsa tana cikin ƙa'idar aikinmu.