Gwangwani Ɗaya, Tattabaru Takwas

Ranar wata Asabar da hantsi, saura kwana biyar ƙaramar salla, ina da shekara goma sha ɗaya, na tsince gawar tattabaruna goma sha tara a bakin lambatun da ke kwaso ruwan kamfanonin jimar fata na Challawa. Buhun siminti na riƙe, ina ɗauka ina jefawa ciki. Wasu sun mutu da baki cikin ruwan, wasu sun ja jiki zuwa gindin ciyawa suka ƙarasa a can, fukafukai a baje. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi yana kumfa, warinsa na kama maƙogwaro. Ta ƙarshe da na ɗaga ita ce Goshi, macen da na fara kiwo da ita, mai farin tabo a ka. Jikinta da sauran ɗumi. Ban yi kuka a wurin ba, domin akwai yara a kan gada suna kallona, kuma na san ƙirgawa suke yi.

Mu 'yan haya ne a Panshekara. Babana ya baro ƙauyenmu a ƙasar Jigawa ya kama aikin lebura a wani kamfanin niƙa a Sharada, mako guda aikin safe, mako guda aikin dare. Ɗaki ɗaya gare mu a gida mai ɗaki goma, mu shida a ciki. Ba a sa ni boko ba. Aikina faskare, da wanke tukwanen shinkafa da waken da Inna ke sayar wa ma'aikata a bakin ƙofar kamfani. Da safe sa'o'ina kan wuce da farar riga da jaka, ni ina tsugune ina kankare ƙanzo. In an tashi aiki a wurin su Baba, leburori kan share tsabar da ta zube a ƙasa, masara da dawa haɗe da dusa, su raba tsakaninsu. Rabon Baba bai taɓa wuce cikin gwangwanin tumatir ɗaya ba. Da wani abokin aikinsa mutumin Nijar zai koma gida, ya bar masa tattabaru biyu, shi kuma ya ɗauro su a kwali a bayan keke ya kawo mini. Ya dire gwangwanin a gabana ya ce, "Wannan takwas yake ɗauka. In sun kai takwas, duk ƙwan da aka yi ka kwashe ka kai wa uwarka." Inna ta ba ni tsohon kasko, ta ce sau ɗaya za ta cika shi a rana, domin ruwan randarta 'yan garuwa ke turo shi, ba rijiya gare ta ba.

Na ji maganarsu, amma unguwa tana da tata dokar. Ƙarfe huɗu na yamma, da jiniyar kamfani ta yi kukan canjin aiki, duk yaron da ke kiwo zai haye katanga ya saki tattabarunsa, yana fito yana kaɗa tsumma a kan sanda. Garke ya haɗu da garke a sama, su yi ta kewaya rufin kwano da bututun hayaƙi. Babban garke kan janye ƙarami, kuma duk tattabarar da ta sauka gidanka ta kwana ta zama taka, ba mai zuwa ya tambaya. Ɗanliti, ɗan mai gidan da muke haya, yana da fiye da arba'in, ubansa kuma dillalin hatsi ne. Yakan hango ni daga saman katangarsu ya ce, "Kai ɗan ƙanzo, waɗannan naka kiwo ne ko ado?" Shi yana da makaranta, yana da takalmi, yana da ɗakin kansa. Ni sama kaɗai aka bar mini, na rantse sai na cika ta.

Sai na daina kwashe ƙwai. Na riƙa tsinto garwar man inji da katakon akwati a jujin bayan kamfanoni, ina ƙera musu ɗakuna ina ratayewa a lungun bayan gida, inda Baba ba ya leƙawa. Yakan dawo a gajiye, gira fara fat da gari, ya miƙo mini gwangwani ya ce, "Nawa ne yanzu?" In ce, "Suna nan, Baba." Cikin shekara da rabi suka kai talatin da ɗaya. Ɗanliti ya daina tsokanata. Sau biyu garkena ya janye masa tattabara, na kwana ina jin kaina kamar mai kamfani.

Amma gwangwani bai ƙara girma ba, kasko ma haka. In na watsa tsaba, kafin in juya ƙasa ta koma fes. Manya su ci, 'yan shila su tsaya gefe suna karkaɗa fukafuki. In na kama ɗaya, sai in ji ƙashin ƙirjinta a tafin hannuna kamar bakin wuƙa. Ba zan ce ban sani ba. Na jiƙa musu ƙanzo, bai kai ko'ina ba. Malam Sule mai gadi, maƙwabcinmu na ɗakin kusa da zaure, ya gan ni ina juya gwangwani wayam ya ce, "Rabu da su, yaro, Allah ke ciyar da tsuntsu. Ka taɓa ganin kurciya da gwangwani?" Maganar ta yi mini daɗi domin ita nake nema. Na fara buɗe musu tun da sassafe su tafi kiwo. Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, kasko ɗaya ga baki talatin da ɗaya, kafin rana ta ɗaga ya bushe ƙamas. Duk mai kiwo a Panshekara ya san ba a sakin tattabara sai ta ƙoshi da ruwa a gida, domin wadda ta sha ba ta ko kallon lambatu. Ni na saki nawa da ƙishi.

Da na shigo gida da buhun, Baba ya sauko daga aiki ke nan yana wanke ƙafa a bakin ɗaki. Mutanen gida suka taru. Malam Sule ya hau tsine wa kamfanoni, yana cewa a haɗu a je a kai ƙara. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Malam, ruwan nan ya girmi yaron nan. Na Ɗanliti nawa suka mutu?" Kowa ya san ko ɗaya ba ta mutu ba. Ya sa na zazzage buhun a tsakar gida, na ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Sannan ya ɗauko gwangwanin ya ajiye kusa da gawar Goshi. "Nawa na ce maka?" Na ce takwas. Ashe maganar Malam Sule ta kai kunnensa. Ya ce, "Kurciya ba kai ka kawo ta gida ba. Waɗannan kai ka tara su, kai za a tambaya." Bai doke ni ba, da ma ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Fartanya ya ba ni, na haƙa rami mai zurfi a bayan gida don kada kyanwa ta tone. Goma sha biyu ne suka dawo da rai. Ya ce in zaɓi huɗu in bayar da hannuna kafin azahar.

Wa ke da tsabar ciyar da su duk layinmu? Ɗanliti. Na sa su a kwali na kai masa har ƙofar gida, ya karɓa yana dariya, ya laƙaba mini "Mai takwas". Kafin salla sunan ya zaga unguwa. Na amsa shi. Kullum ƙarfe huɗu sai in cika musu ciki, in shayar da su, in haye katanga da 'yan takwas ɗina, yara na ihu. Garken Ɗanliti ya haɗiye su a sama, a yi ta juyi, a ƙarshe su ware su sauko mini ɗaya bayan ɗaya. Daga lokacin har yau ba tattabarata da ta sake kwana a gidan wani. Masu zubo ruwan nan ban yafe musu ba, amma ban taɓa ɓuya a bayansu ba.

Yanzu ina Zawaciki da iyalina, ina gadi a Bompai, kuma takwas nake kiwo. A layinmu ana sayen zomaye, da kyanwa mai dogon gashi, da karnukan da ake kullewa a keji, a ɗauke su hoto a waya, bayan wata biyu ka gan su a juji ƙashi da fata. Su ne ke ce mini mai rowa don ina kwashe ƙwai. Su ce. Autata Zainabu ta yi mini kuka a kan wasu ƙwai biyu, ta ce Baba ba shi da tausayi. Na damƙa mata gwangwani, na ce ta watsa ta tsaya ta ga abin da zai rage. Ta daɗe a tsugune, sannan ta tashi ta kai wa uwarta ƙwan da kanta. Kamfanin su Baba ya daɗe a rufe, ciyawa ta cinye ƙofarsa, jiniya ba ta kuka, kuma ƙarfe huɗu sama wayam take, ba yaro ko ɗaya a kan katanga. Ni dai ina cika kasko, in jira su sha, sannan in buɗe. Takwas ke tashi, takwas ke dawowa.