Wa Zai Amsa Taken Nomau?

Tawa

Mun bar Tawa ana kiran assalatu, wata Alhamis bayan an gama yankan gero. Mu 'yan badujala ne, cikin wata tsohuwar kamiyo, motar ɗaukar kaya, da ba ta tashi sai an tura. Ni ke busa babban ƙahon nan da ake ratayawa a kafaɗa, don haka aka ba ni wurin da kowa ya ƙi, kusa da duron mai.

Tafiyar ta Sarzan Illiyasu ce, shugabanmu. Ya tsara wani dogon kiɗa kashi huɗu: na farko don mahaifiyarsa, na biyu don mushe, wato malamin boko, da ya koya masa karanta kiɗa a takarda, na uku don Baba Arzika, makaɗin noman da ya fara koya masa ganga, na huɗu don ubansa, marigayi Nomau. Tun ranar da Sarzan ya ajiye ganga ya ɗauki ƙahon Nasara, Baba Arzika bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa ya rantse ba za a busa kiɗan nan a bikin Jamhuriya ba sai Baba Arzika ya ji ya yarda. Mu da muka daɗe muna kumbura kumatu a kansa ba mu ji daɗin wannan rantsuwa ba.

Affala

A shingen bayan gari jandarma ya leƙa cikin ƙahona ko na ɓoye wani abu. Direba ya ce masa babu komai a ciki sai iska, mai shi ma haka. Da hantsi muka isa Affala, muka sha fura da nono, mota ta sha ruwa. Sarzan ko ludayi bai taɓa ba.

Gaba kaɗan yashi ya kama ƙafafun motar, tura duniya ta ƙi. Muka yi hayar jakuna suka ɗauki kayan busa, muka bi su a ƙasa. Nawa ƙahon jaki ya ƙi shi, ni na ɗauka.

Ƙauyen su Sarzan

Inna Hajo, mahaifiyarsa, ta tarbe mu da tuwon gero. Bayan la'asar muka jeru a masussuka, gari ya kewaye mu. Aka shimfiɗa wa Baba Arzika tabarma a gaba, ya zauna bai dubi kowa ba. Sarzan ya juya wa jama'a baya kamar yadda aikin ya gada, ya ɗaga 'yar sandarsa.

A kashi na farko mata suka gane waƙar dakan Inna Hajo, suka rangaɗa guɗa. Na mushe babu wanda ya san inda ya dosa. A na uku na hangi babban yatsan tsohon yana motsi. Sai na huɗu, wanda aka gina a kan taken Nomau, kiɗan da ake yi masa idan ya shiga gona ranar gayya. Mun busa shi yadda ba mu taɓa yi ba. Da muka tsaya wuri ya yi tsit, Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce a raina, shi ke nan, wahalarmu ta bi ruwa.

Baba Arzika ya yafito Sarzan, ya zo ya durƙusa.

"Kiɗinka ya yi, Illiyasu. Amma ka kira Nomau gaban mutane, babu wanda yat tashi. Kai ɗai na namiji gidanai, ga ka ka ba mu baya kana kaɗa kara."

Ashe a nan idan an buga taken mamaci, magajinsa ke miƙewa ya amsa. In babu mai amsawa, an shaida wa gari cewa gidan ya mutu.

"Baba, in na bar su, wa ka riƙe musu kiɗin?"

Tsohon ya karɓi sandar, ya jujjuya ta, ya ajiye a kan tabarma, ya ce a kawo masa gangarsa. Ya ba mu kiɗa, muka bi shi. Sarzan ya tuɓe hula da takalma. Inna Hajo ta shiga gida ta fito da hauyar mijinta ta miƙa masa. Ya shiga fili yana sarar ƙasa, hawaye na zuba, ya ɗaga murya: "Ni na ɗan Nomau! Gonarmu ba ta kwana da haki!"

Ban san Nomau ba, amma sai da busata ta sarƙe.

Komawa

Washegari mutanen gari suka taya mu tono motar. Baba Arzika ya shiga gaban mota da gangarsa, don ya ce ba ya barin kashi na huɗu a hannun yara. Sarzan ya dawo baya kusa da ni da duron mai, hauya a kan cinya. Muka shiga Tawa ana kiran magariba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, da Inna Hajo da ta ciyar da mu. Ranar bikin kuwa, da aka zo kashi na huɗu, Sarzan ya ajiye sanda ya juyo ya fuskanci jama'a.