Kwalbar Turaren da Ta Kusa Hana Ni Aure

Ko zan manta ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta ranar da na fara zuwa gaida surukina a Malumfashi da kwalbar turare a aljihu. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

Lokacin ina tsaron shagon taki da maganin feshi a Funtua. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san warinta ba ya jin sabulu. Ka yi wanka sau uku, ka shiga mota, sai na kusa da kai ya tambaye ka nawa buhun taki yanzu. Wadda nake nema malamar firamare ce, mahaifinta kuma wani Alhaji ne dillalin hatsi, ya ce in zo ya gan ni da idonsa kafin ya yarda in turo magabata. Ita ce ta tayar min da hankali ba da niyya ba, da ta ce Baba mutum ne mai son ƙamshi, har ta faɗa min sunan turaren da yake sawa, wani na ƙasar waje. Na tambayi kuɗinsa a wani babban kanti, da aka faɗa min sai na yi godiya na fito salin-alin.

Wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo mai haɗa turare a cikin kasuwa. Ina faɗar sunan ya gyaɗa kai, ya jawo kwalabensa da sirinji, ya haɗa kala uku masu kama da shi. Na kai hanci zan zaɓa, ya buge min hannu. Ya ce ba a zaɓen turare a bakin kwalba. Ya shafa min ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, ɗaya a gwiwar hannu, ya ce in zaga kasuwa in dawo bayan awa guda, don na haɗi sai ya kwanta a fata yake nuna halinsa. Haka na yi ta yawo cikin 'yan tumatir ina shinshina hannu kamar wanda ya taɓu. Na farko ya gudu, na biyu ya koma warin sabulun wanki, na ukun ne ya tsaya daram.

Da a nan na tsaya, da ba ni da labari. Amma sai idona ya faɗa kan wata kwalba ta turaren asalin, babu komai a ciki, murfinta ruwan zinare. Na ce a zuba min a cikinta. Dattijon ya dube ni ya ce shi dai turare yake sayarwa, abin da zan faɗa wa mutane kuma tsakanina da Allah ne. Ƙuruciya ta hana ni ji.

Ranar Asabar na shiga motar Malumfashi, ga zafi, ga wata baiwar Allah kusa da ni da ƙullin daddawa a cinya. Duk hanya addu'a nake kada ƙamshin ya tsere ya bar ni da warin taki. A tasha na ƙara fesawa, na jefa kwalbar a aljihun gaba.

Bayan Azahar Alhaji ya karɓe ni a zaure. Ina durƙusawa zan gaida shi, kwalbar ta zame ta mirgina har gaban gwiwarsa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya fesa kaɗan a bayan hannunsa, ya ajiye ta gefe. Bai kai hanci ba. Sai ya shiga tambayata iyayena, da gonarmu ta masara a Maska, da yadda manoma ke fama da taki a bana. Ina amsawa, amma idona na kan hannun nan. Can na gane abin da yake yi: jira yake turaren ya kwanta, daidai yadda dattijon kasuwa ya koya min. Wata zuciya ta ce in ce abokina ne ya kawo min tsaraba daga waje, wata ta ce in ya kama ni da ƙarya a zaman farko, ni da 'yarsa har abada. In kuma na faɗi gaskiya, na zama talaka mai ƙaryar arziki. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai da muka kusa cinye awa sannan ya shinshina hannunsa.

"Malam, a ina ka samu wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na haɗi ne, a kasuwar Funtua aka haɗa min. Kwalbar ce kawai ta asali, ni na roƙa a zuba min don kada ka raina ni."

Har na fara tunanin inda na ajiye takalmina. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba marar ko rubutu, ya miƙo min. Na buɗe, ƙamshin iri ɗaya sak. Ya ce shekara da shekaru wurin dattijon nan na kasuwar Funtua yake aikawa a haɗo masa. Na asalin sau ɗaya ya taɓa saya a Saudiyya, 'ya'yansa suka riƙe sunan. Tun ina bakin zaure ya gane hannun mutumin.

"Turaren ba shi da laifi," in ji shi. "Kwalbar ce ta so ta yi min ƙarya, ni kuma nake jira in ga ko za ka taya ta. Je ka turo manyanka."

Bai mayar min da kwalbar ba. Tana nan a ɗakinsa har yau, in mun je gaisuwar Sallah sai ya nuna wa jikokinsa ita yana dariya, uwarsu na taya shi. Ni kuwa har gobe na haɗin nake saya, a kwalba marar rubutu, duk wanda ya tambaya in ce masa na kasuwar Funtua ne. Ranar na koyi cewa sayen abin da aljihuna zai iya ba abin kunya ba ne. Abin da ya kusa raba ni da matata shi ne son a ɗauke ni abin da ban kai ba.